Aljihun Hagu

Ranar Asabar da hantsi Ni'ima ta sauke allon shagonta da hannunta, ta jingine shi a bango. Shekara huɗu yana rataye a Wunti. An ninka mata haya, ga shi yawancin masu sayen kayanta ta waya suke nemanta, don haka ta yanke shawarar komawa ɗakin ɗinkinta na gida a Fadaman Mada. Shagon kawai za ta rufe. Ɗinkinta na nan, haka ma ɗan ƙyallen da take maƙalawa a wuyan kowace riga mai ɗauke da sunanta.

Dogayen riguna talatin da biyu suka rage a hanga. Hajiya Jannatu, dillaliyar da ta saba sarar kayanta tana kaiwa gida-gida, ta zo kwashe su duka. Tana zaune kan kujerar roba tana fifita da gefen mayafi.

"Sai dai fa, ƙanwata, wannan karon ki cire min ƙyallen wuyan nan tun daga nan."

"Saboda me, Hajiya?"

"Ai shago ya mutu. Wa zai sayi rigar mataccen shago? Miƙo reza, ni ma na iya."

Ni'ima ta tsaya da hanga a hannu. Ba ta kai ga amsawa ba wata mata ta yi sallama ta shigo. Christabel ce, matar wani saje a barikin Shadawanka, ta ji labarin ana karyar da kaya. Tana ganin Hajiya ta washe baki.

"Hajiya, kai ma kana nan?" Sai ta dubi rigunan, ta dubi ta jikinta, ta riƙe haɓa. "Ka gani ko? Mutanen Bauchi ba su da dama. Har sun kwaikwayi rigan Turkiyya da ka sayar mini."

Fifitar Hajiya ta tsaya cak.

Ni'ima ta ajiye hangar, ta ƙare wa rigar kallo. Ruwan toka ce mai aikin zare a hannu. Kwana uku ta yi a kanta kafin Babbar Sallah.

"Madam, aljihu nawa ne a rigarki?"

"Ɗaya."

"A hagu. Ni bahaguwa ce, can nake sa shi. Juyo cikinsa waje."

Christabel ta zaro aljihun. A can ƙasansa akwai ɗinki uku na koren zare a jere. Ni'ima ta fizgo riga daga hanga ta juyo aljihunta, ta fizgo ta biyu, ta fizgo ta uku. Duk koren zaren nan ne. Ta zagaya bayan Christabel ta ɗaga wuyan rigar, sai ga guntayen zare inda reza ta bi.

"Tun yaushe, Hajiya?"

"Ke, kada ki ɗaga min murya."

"Ban ɗaga ba tukuna. Tun yaushe?"

Hajiya ta gyara zama. "Matan bariki ba sa sayen ɗinkin Bauchi, kowa ya sani. Na ce na Turkiyya ne suka saya. Shekara biyu wa ya riƙe miki shagon nan in ba ni ba? Godiya ya kamata ki yi min."

"Godiya?" in ji Ni'ima. "Shekara biyu ina zaune a nan daga safe har magariba ina kallon titi. Ina cewa in dai matan bariki na sa kayana, wata rana ɗayarsu za ta karanta sunan ta nemo ni. Har na fara zargin hannuna. Ashe suna sawa, ke kuma kina bi da reza."

"Suna zai ciyar da ke? Ki ba ni kayan in tafi, ko ki kai su gida ki jiƙa ki sha."

Ni'ima ta dubi rigunan. In Hajiya ta fita, babu mai kwashe su a yau, sai dai su cika mata ɗaki har inda keken ɗinkin yake. Ta janyo jakar bakko ta fara ninke su tana turawa ciki.

"Tashi min daga kujera, ita ma tafiya za ta yi."

Hajiya ta miƙe tana huci. "Za ki neme ni."

"Ni ma ina jira, Hajiya," in ji Christabel, ta harɗe hannu. "A gaban matan bariki za ka yi mana bayanin Turkiyya."

Hajiya ta ja tsaki ta fice, takalminta na ƙara a kan siminti.

Ni'ima ta buɗe gwangwanin da take ajiye ƙyallayen sunanta, ta ɗauko ɗaya, ta zura zare a allura.

"Madam, sunkuyo kaɗan. Kada ki motsa."

"Da rigan a jikina?"

"A jikinki."

Ta ninka zaren huɗu, ta bi gefen ƙyallen kaf, yadda duk mai son cire shi sai ya yaga wuyan rigar. Christabel na sunkuye tana latsa waya.

"Mu bakwai ne muka saya a layinmu. In sun ce ina za su same ki, in ce Wunti?"

Ni'ima ta datse zaren da haƙori.

"Ki ce Fadaman Mada. Su taho da rigunan, ina da sauran ƙyalle."