Kafinta Ya Ƙi Zagina

Idan aka tambaye ni aikina, sai in ce a ofis nake. Mai tambaya ya gyaɗa kai ya ƙyale ni, kuma gara haka, don in ya matsa ban san me zan ce ba. Ni ne mai rubuta abin da aka faɗa a taro. A zauna a yi ta surutu kan taron da ya wuce, a sa ranar wani, ni kuma in buga, Darakta ya sa hannu, a jefa a kabad. A kan wannan furfura ta fito mini. Wallahi da gobara za ta cinye duk abin da na taɓa bugawa, ba wanda zai rasa barci, har da ni.

Amfani ɗaya na san takarduna sun taɓa yi. Teburin taro yana da gurguwar ƙafa, sai aka naɗe rahotona aka tokare ta. Ran nan aka kira kafintan bayan layinmu. Ya durƙusa, ya zare takardun, ya ɗan yi ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, tebur ya tsaya cak. Ya karkaɗe gwiwa ya tafi, ya bar ni da rahoto a hannu.

Tun daga ranar hankalina ya bar ofis. Ana taro, ni ina shafa gefen tebur ina neman inda aka haɗa katako da katako. In ga kaina da fensir a bayan kunne, dusar katako a gira, na dawo gida da gajiyar da ruwan zafi ke warkarwa. Tawa gajiyar ba ta jin ruwan zafi. So nake kafin in mutu wani ya zauna a kan kujera ya ce wane ne ya yi ta.

Na gaya wa uwar yara zan bar aiki in koyi kafinta. Ta ajiye wankin da take ninkewa ta taɓa goshina.

"Baban yara, mutane na gudun rana suna neman inuwa, kai za ka fita daga inuwa? Sha magani ka kwanta."

Ban kwanta ba. Na ɗauki hutun shekara, na ce wa raina in kafinta ya karɓe ni, ofis ya gan ni ke nan. Na sa tsohon wando na tafi shagon.

Kafintan ƙanen bayana ne a shekaru. Ya saurare ni yana murmushi, shi a zatonsa wasa nake.

"Daga yau kai ne Maigida," na ce. "Ka aike ni, ka sa ni shara, duk abin da kake wa masu koyo."

"Rufa mini asiri, Yallaɓai! Kai, a kawo wa Yallaɓai kujera."

Aka kawo kujera, aka goge ta, aka sa a inuwa. Kujera fa! Abin da na gudo wa ke nan. In na ɗauki tsintsiya a fizge. In na sunkuya zan ɗaga katako, mutum biyu su rugo kamar na taɓa wuta. Na yi kwanaki ina shan ruwan sanyi ina kallo, kamar wanda ya zo biko.

Daga kujerar na gane yadda sana'ar ke shiga jiki. Maigida ba ya bayani, faɗa yake yi. "Kai, idon nan naka na ado ne?" "Wannan layi ka ja ko tafiyar mashayi?" Wanda aka yi wa ya sunkuyar da kai, ya sake ja, layi ya fito sambal. Ni da gemuna na zauna ina kishin masu shan zagi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kujerar nan ba.

Ranar da Maigida ya fita sayen ƙusa, na miƙe. Akwai katakon ƙofar wani da aka riga aka ja wa layi. Na ɗauki zarto. Babban mai koyo, magidanci ne har da 'ya'ya, ya ce, "Yallaɓai, da ka bari..." Na harare shi irin hararar ofis, ya ja baya. Na yanka. Zarto ya bi son ransa, ni ma na bi shi, katako ya fito a karkace, ya kuma gaza.

Maigida ya dawo, ya ɗaga katakon, ya juya shi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Har ga Allah daɗi nake ji. Na ce yau dai za a karɓe ni.

"Ba komai, Yallaɓai," ya ce. "Da ma katakon ba shi da kyau."

Sai ya juya kan babban mai koyo ya wanke shi tas. Wai yana tsaye kamar gunki Yallaɓai ya ɗauki zarto? In Yallaɓai ya yanke yatsa, uban wa zai shiga uku? Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana shan abin da yake nawa.

"Ni na yanka!" na ce da ƙarfi. "Ni za ka zaga! Don Allah, Maigida, ka ce mini idona na ado ne. Ko sau ɗaya."

Maigida ya dube ni. Ya buɗe baki, na ga ya gwada, sai ya kawar da kai.

"Bakina ba zai iya ba, Yallaɓai. Ka girme ni, ga ilimi. Ni kuma haka aka koya mini, ban san wata hanya ba. Wanda ba zan iya yi wa tsawa ba, ba zan iya koya masa ba." Ya jingine katakon a bango. "Ka riƙa zuwa hira dai. Shagonka ne."

Har bakin titi ya rako ni, yana mini godiyar ziyara. Uwar yara ta ga fuskata da na shiga, ta ɗauki tsohon wandon ta kai wanki.

Hutu ya ƙare na koma. A taron farko na rubuta sunan wani baƙo a ƙasan na wanda bai kai shi muƙami ba. Darakta ya miƙe a gaban kowa, har da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, ya ce shekarun da na yi a nan asara ce, ya ce kaina ba komai a ciki sai iska. Ya zage ni son ransa, ko tuntuɓe bakinsa bai yi ba. Na tsaya na sunkuyar da kai yadda na ga ana yi a shago, na kasa kunne har ƙarshe ko zan tsinci abin da hannuna zai koya.

Da ya gama, ya ce in je in sake bugawa.