Kifaye a Silin Ɗakina

Mu huɗu ne, majiginmu ɗaya. Malama ce ta samo shi shekara shida da suka wuce, lokacin da makarantarsu ta sayi sabo aka yi gwanjon tsohon. Yana zaune cikin wata jakar kayan jariri mai hoton agwagwa, ta autan Nas, wanda yanzu ko gaisuwa sai ya ga dama yake yi. Dokarmu ba ta da yawa. Kowace Asabar da ƙarfe biyar na yamma a haɗu a gidan wadda jakar ke hannunta. Ita za ta zaɓi fim, ita za ta dafa shayi, in an tashi kuma ta rataya wa ta gaba jakar a kafaɗa. Daga Malama sai Nas, daga Nas sai Doguwa mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, daga Doguwa sai ni. Ni ce Tela.

Ba yabon kai ba, gidana ya fi na kowa daɗin kallo. Falon yana da wani farin bango mai faɗi, ko ƙusa ba a taɓa buga masa ba, har suna ce masa allon Tela.

To, aurena ya mutu. Ba duka, ba zagi. Shekara goma sha ɗaya muka yi, wata rana muka zauna muka ga abin ya koɗe, ba wurin da allura za ta kama. Na kwashe kayana na kama ɗaki ɗaya a hawa na uku na wani bene bayan layin masu takalma. Katifa, keken ɗinki, akwati huɗu, risho a bayan ƙofa. Ban gaya wa ko ɗayarsu ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji. Gani nake in suka ga ɗakin nan za su fara tausaya mini, su riƙa tsallake layina da ladabi, tun ina mai masauki har in koma baƙuwar da ake gayyata don kada ta ji haushi. Na fi son a zage ni da a yi mini haka.

Saboda haka na shiga ƙarya. Layina na farko na ce ana fenti. Na biyu na ce famfo ya fashe. Na uku na ce dangin maigidan sun cika gidan. Duk lokacin sai in kai wa Malama jakar har ƙofar makaranta, in juyo da sauri kafin ta kalli fuskata. Sauran Asabar ɗin kuwa ina zuwa gidajensu, in fi kowa dariya, in fi kowa saurin tashi.

Ashe su ma suna nasu lissafin, sai dai sun ɗauko shi ta wutsiya. Fim na ƙarshe da na zaɓa a tsohon gidan na kifayen ƙarƙashin teku ne, awa biyu da rabi, ba mutum ko ɗaya a ciki sai muryar wani dattijo. Nas ta yi barci har da minshari. Doguwa ta tambaya sau uku ko wancan mai gemun shi ne mugun fim ɗin. Malama ta fito da takardun ɗalibai ta hau maki. Sai suka yanke cewa fushin wannan nake yi, shi ya sa na hana su gidana. Suka yi taro ba ni, suka nemo fim ɗin, suka ɗaura niyyar su faɗo mini ba sanarwa su kalle shi daga farko har ƙarshe, ba mai lumshe ido.

Ranar Asabar ɗin da layi ya sake zagayowa kaina, na aika wa Malama jakar da saƙon cewa ba ni da lafiya. Ina zaune ina kafa hannun wata riga, wajen ƙarfe shida, sai na ji murya a matakala tana cewa duk wanda ya gina benen nan ba ya ƙaunar gwiwar mutane. Muryar Doguwa ko a kasuwa ba ta ɓacewa. Na duba ɗakin ko akwai inda zan shige. Ƙarƙashin keken ɗinki ne kawai, shi ma tsummoki sun riga ni.

Na buɗe ƙofa. Su uku a jere, Malama rungume da jakar agwagwa.

"Mun je gidan," in ji Nas. "Shi ya buɗe mana, da singileti. Shi ya kwatanta mana nan."

Na ce su shigo. Suka shigo, ɗakin ya cika.

"Wata nawa?" Nas ta tambaya.

"Huɗu."

"Wata huɗu kina cin biskit ɗina kina yi mini dariya. Ni da na ɗinke miki yatsa ranar da almakashi ya yanke ki. Wa ya taya ki hawo da keken nan?"

"'Yan dako."

"'Yan dako," ta maimaita, ta juya ta kalli taga. Sai na ga tana share ido da bayan hannu. Ban taɓa ganin Nas tana kuka ba, sai na ji kunyar da ta fi ta ɗakin.

"Ke dai, Tela, ba ki da kirki," in ji Doguwa. "Kin san kwana nawa na yi ina haddace sunayen kifi don in ba ki haƙuri?"

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na biye da ita. Na ce musu su yi haƙuri, ga shi dai sun gani da idonsu, nan ba wurin kallo ba ne. Bango ɗaya taga ce, ɗaya ƙofa, ɗaya akwatuna, na huɗun kuma kayan mutane ne rataye a ƙusoshi. Na ce daga yau a cire ni daga layi, zan riƙa zuwa nasu.

"Wa ya tambaye ki?" in ji Malama.

Tun shigowarta tana ta bin ɗakin da ido kamar mai neman ɗalibin da ya ɓoye takarda. Ta ɗaga kai sama, ta daɗe. Sannan ta durƙusa ta fito da majigin, ta kwantar da shi rigingine a tsakar ɗaki, ta tokare shi da bandir biyu na yadin mutane.

"Kashe fitila. Doguwa, rufe tagar da wancan zanen. Kowa ta kwanta."

Muka kwanta a gicciye, kawuna a kan katifa, ƙafafu a kan leda. Na Doguwa sai da aka ɗan buɗe ƙofa suka sami wuri. Malama ta danna, sai ga teku a silin ɗakina. Akwai wani tabon yoyo a kusurwa da na yi wata huɗu ina kwana ina harararsa. Wani shuɗin kifi ya zo ya ratsa ta cikinsa ya wuce abinsa.

"Wallahi ya fi bangon can," in ji Doguwa. "Wuya ba ya ciwo."

"Yi mana shiru," in ji Nas. "Ga mai gemunki nan ya fito."

Wanda ya yi kuka a kwance ya san hawaye kunne yake nufa. Na bar shi ya gangara. Nas dai ta lalubo hannuna ta riƙe. Ba ta cika alkawari ba, kafin a kai rabi ta fara minshari, amma ba ta saki hannun ba.

Da aka gama na dafa shayi a risho. Kofi ɗaya gare ni, don da zan baro gidan ban ga dalilin ɗaukar na biyu ba. Muka sha bi da bi, Doguwa tana ƙorafin cewa Malama ta shanye sukarin da ke ƙasa.

Da za su tafi na naɗe waya, na zuge jakar, na miƙa wa Malama tunda ita ce ta gaba. Ta maida hannuwanta baya.

"Layi uku kika tsallake, ƙawata. Asabar uku masu zuwa duk naki ne. Ki nemi fim mai mutane a ciki."

Na tsaya a bakin matakala da jakar a kafaɗa ina jin saukarsu, Doguwa tana ta zagin magini har ƙasa. Ranar Litinin, kafin in taɓa keke, na sauka kasuwa na sayo kofi uku.