Yadda Seu Tokuji Ya Tashi Daga Ƙasa

Ruwan ƙanƙarar masu kifi ya taka a kasuwa, sai ga Seu Tokuji a sama, sai ga shi a ƙasa. Amma faɗuwa ce ta gwani. Ya manne haɓa a ƙirji, ya mari siminti da tsawon hannunsa, fau! Ko ƙashi ɗaya bai goce ba. Jakar garin rogon da ya saya ma ba ta fashe ba.

A tashin ne aka samu matsala. Ya juya ya durƙusa, baya a miƙe, hannuwa a kan cinya, yadda ya yi shekara da shekaru yana koya wa yaran unguwarmu. Gwiwoyi suka ce ba su san wannan zance ba. Ya sake yunƙurawa, suka sake ƙi. Sai da mata biyu masu sayar da kifi suka ciccibe shi.

"Kama ni da kyau, Kawu, ba na cizo," in ji ɗayar, kasuwa ta kwashe da dariya.

A wannan ɓangaren na birnin Belém kowa ya san shi. Kokawar jiu-jitsu yake koyarwa, irin wanda mahaifinsa ya zo da shi daga Japan. A tsaye ake yi, a rusuna wa juna, ka murɗe hannun mai wuƙa, ka kayar da shi kai kana tsaye. Abokin gwajinka ma ya san lokacin da zai faɗi. Irin namu na Brazil kuwa, inda mutum zai kwanta da baya ya naɗe ƙato da ƙafafu, ya shaƙe shi har ya buga hannu ya ce ya isa, Seu Tokuji birgimar 'yan kwikwiyo yake kiransa. Ya ce mai mutunci ba ya faɗa a kwance.

Labari ya riga shi isa gida. Ni dai mutum biyu kawai na gaya wa. Yana ajiye jaka waya ta yi ƙara, 'yarsa Sayuri ce, mai aikin jinya a garin Castanhal.

"Baba, ina tafe da yamma. Ka haɗa kayanka."

"Ban ji ciwo ba."

"Na sani. Da a banɗaki ne fa, ba masu kifi? Wanda ba ya iya tashi daga ƙasa da kansa ba ya zama shi kaɗai. Haka nake gaya wa 'ya'yan mutane kullum, ban ga abin da zai hana in gaya wa kaina ba."

Ya dubi gidan. Nan matarsa ta rasu, ga mangwaron da suka dasa tare ya rufe taga. A wurin Sayuri kuwa ɗaki ne a saman bene, kusa da injin wanki. Ya daɗe a zaune, shayinsa ya huce. Sannan ya ɗauki laima ya fita ya tari bas.

Valdirene tana da wurin horo a bayan wani garejin babura. Ɗalibarsa ce a da, ita ce ma wadda ya fi ji da ita, har ranar da ta koma wajen masu birgima. Tun daga nan in sun haɗu a hanya sai ya tsaya karanta allon talla. Yanzu ta yi furfura a gefen kai, kunnenta ɗaya ya murɗe kamar soyayyen ƙosai.

Ta gan shi a bakin ƙofa yana cire takalmi, ta sallami ɗalibanta su je shan ruwa.

"Malam! Ɓata hanya ka yi, ko karatun allo ne ya ƙare?"

"Bakinki bai canja ba."

"An ce yau ka yi faɗuwar da ba a taɓa gani ba a kasuwa."

"Faɗuwar ba ta da laifi," ya ce. Ruwan sama ya fara dukan kwanon rufi. "Ku da kuke kwana a ƙasa, yaya kuke tashi?"

Ba ta yi dariya ba, a yaba mata. Ta zauna a katifa ta nuna masa. Hannu ɗaya a dafe ta baya, tafin ƙafa ɗaya a ƙasa, a ɗaga ƙugu, a zare ɗaya ƙafar ta ƙarƙashi a dasa ta can baya. Gwiwa ko taɓa ƙasa ba ta yi ba.

Ya gwada. Jikin da ya saba sai ya juya da kansa ya durƙusa, baya a miƙe.

"Wa ya ce ka gaida sarki? Zauna. Dafa ƙasa."

"Hannu na kare fuska ne."

"Ɗaya ya ishe ka kare fuskar, ba wani kyau gare ta ba. Ɗaga ɗuwawu, Malam."

"Valdirene!"

"To me zan kira shi? Ɗaga shi sama."

Haka suka yi ta fama har ruwa ya ɗauke. Ya faɗi ta gefe, ya faɗi ta baya, kowace faɗuwa tsaf, har ta ce da za ta samu ɗalibanta su iya rabin wannan da ta huta da kai mutane asibiti. Ya ce ai laifinku ne, kuna gaggawar isa ƙasa ba ku tsaya kun koyi hanyar ba. Ta ce ku kuma kun kai mutum ƙasa kun bar shi can, kamar duniya ta ƙare. Can wajen la'asar ya miƙe, yana haki, rigarsa sharkaf. Ta rusuna masa yadda ya koya mata. Ya yi kamar bai gani ba, sannan ya rusuna kaɗan.

Sayuri ta iso da babbar akwati ba komai a ciki. Ta tura ƙofa, ta same shi kwance a ƙasa a tsakar falo, ta saki ihu.

"Tsaya nan," ya ce. "Kar ki taɓa ni."

Ya zauna. Ya dafa ƙasa. Ƙugu ya ɗago, ƙafar ta maƙale a hanya, ya yi nishi ya ja ta. Abin ba kyan gani, ɗuwawu a sama kamar mai neman allura. Amma ya tsaya da ƙafafunsa, bai kama kujera ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ubanta ya dafa ƙasa don ya tashi ba.

"Sau ɗaya ba ya isa, Baba. Duk Alhamis zan zo ka yi a gabana. Ranar da ka kasa, mu tafi."

"Ki zo Juma'a. Alhamis akwai darasi."

"Har yanzu kana da ɗalibai ran Alhamis?"

Ya ɗauki akwatin ya jingine ta a bayan ƙofa.

"Ba ni ke koyarwa ba," ya ce.