Saƙon Sahabi Ranar Sadakar Uku

Ana tsakiyar rabon gumbar sadakar uku wayar Latifa ta yi ƙara daga ƙarƙashin matashi. Hadijatu, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ita ce zaune kusa, don tun ranar da aka kawo gawar Sahabi, mijin Latifa, daga Kwanni ta Nijar ba ta zuwa gidanta sai kwana. Ta jawo wayar da niyyar kashe ta, saboda masu ta'aziyyar waya sun kai mata iya wuya, mutum da ƙafarsa lafiya lau sai ya aiko da murya. Tana dubawa ta ga hoton mamacin, hula a karkace, yana dariya. Saƙon murya ne, kuma yanzun nan ya shigo.

Ta kifa wayar a cinya tana salati a zuci. Kafin ta gama, wayar ta sake ƙara, ta kuma sakewa.

Sahabi kayan babur yake sayarwa a kasuwar Illela, amma duk unguwar ta san ba nan zuciyarsa take ba. Mutum ne da in ya ga abu mai maɓalli da ƙyalli, to hankalinsa ya tafi. Shi ya fara sa sola a layin, shi ya zo da sifikar da ke amsa waya ba igiya, shi ya sayo ƙaramin majigi ya zo har gida ya roƙi Hadijatu ta bar shi ya shafe bayan ɗakinta da farar ƙasa, don nan ne bango ya fi santsi. Duk Asabar bayan magariba sai ya shimfiɗa wa 'ya'yansa da na maƙwabta tabarmi, ya zauna a tsakiyarsu, kuma dariyarsa ta fi tasu ƙarfi. Hadijatu ta sha ce masa girman jiki kawai ya yi.

"Inna, wa na?" Latifa ta tambaya, muryarta a dushe, daga cikin hijabin takaba.

"Taso mu shiga ɗaki."

Da suka shiga Hadijatu ta saki labule, ta nuna mata. Latifa ta ja da baya har ta bugi gado.

"Wallahi na sani. Na san ba shi bari na haka nan."

Hadijatu kaɗai ta san abin da take nufi. Ranar Litinin Sahabi ya cire batirin firjin da Latifa ke sanyaya zoɓon sayarwa, ya jona wa majiginsa don ya gwada wani sabon fim ɗin yara, ya manta bai mayar ba. Zoɓo bokiti biyu ya lalace, batirin ma ya ƙi ɗaukar caji daga ranar. Latifa ta zare igiyar majigin ta ɓoye, ta kuma rufe bakinta. Kwana biyu yana lallashi da tsokana, ita ko uffan. Ranar Alhamis da safe ya tsaya bakin ƙofa ya ce zai tsallaka Kwanni, ya yi mata sallama har sau biyu, ta ci gaba da shara kamar ba da ita ake ba. A zatonta wata igiyar ya tafi nema. Da azahar ƙirjinsa ya riƙe a kasuwar can, kafin la'asar an shigo da shi kwance a mota. Da aka kai ta kan gawar aka ce ta yafe masa, ta yafe. Amma ita wa zai ce ya yafe mata? Abin da ya hana ta ci ya hana ta barci ke nan.

Hadijatu ba mai ɗaukar zancen fatalwa ba ce. Ta ratsa mata ta je ƙofar zaure, ta sa aka kira Dabo, ƙanen mamacin.

"Dabo, ina wayar yayanka?"

"Ga ta can bisa taga tana caji, Inna. A mace anka kawo ta cikin kayanai. Yau nis sa ta ga sola, in hiddo lambar mutanen Kwanni da sunka yi hidima da shi, a yi musu godiya. Mi yaf faru?"

"Ba komi. Bar ta nan."

A nan ta gane. Sahabi bai sa layin Nijar ba ranar, ya yi ta ɗaukar saƙon murya can ƙetare ba sabis, saƙonnin suka maƙale. Sai yau da wayar ta farka a gida suka samu hanya. Bayani ne mai kyau, har ta maimaita wa Latifa shi sau biyu, amma ko ita kanta bai rage mata tsoro ba ko kaɗan.

"Ba ni iya ji, Inna. In Allah ya isa yay yi mini hwa?"

"In ba ki ji ba, kina tambayar kanki har ki tsuhwa. Zamna."

Suka zauna bakin gado. Hadijatu ta danna na farko.

Hayaniyar kasuwa ta cika ɗakin, da ƙarar babura, wani yana cinikin sefa a gefe. Sai ga muryarsa garau, kamar yana bayan labule.

"Maman Humaira, hushin bai ƙare ba? To na iso. Rana ta yi zahi ƙwarai yau."

Shi ke nan. Latifa ta toshe baki da gefen hijabi. Hadijatu ta danna na biyu.

"Kina ji? Batir niz zo nema miki, babba, wanda ba ni taɓawa ko da wasa. Igiya kau na san inda take. Cikin kwallar aurenki ta sama, tun jiya nig gane ta. Na bar ki dai ki huce." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Bari in zamna kaɗan, wani abu ya tokare mini ƙirji."

Na ukun ya fi tsawo. Hadijatu ta ga tsawonsa ta so ta aje wayar, Latifa ta riƙe mata hannu ta danna da kanta. Da farko numfashi ne kawai, mai nauyi, yana shiga yana fita. Can ya ce, a hankali, "Latifa... ki hiddo ma yara igiyarsu. Jibi Asabar." Sai ƙarar wani abu ya faɗi, muryoyin baƙi suka taso, wani na cewa a kawo ruwa, wani dattijo na laƙƙana masa kalmar shahada. Suka ji ya amsa, sau ɗaya, har ƙarshe. Daga nan sai takun ƙafafu da kukan akuya, saƙon ya yanke.

A tsakar gida mata na ta miƙa kwanuka, wata tana tambayar ina aka aje ludayi.

"Inna," Latifa ta ce, "ya ce ya yahe?"

Hadijatu ta so ta ce e, tausayi ya kama ta. Amma ba ta iya ƙarya a kan mamaci ba.

"Bai hwaɗi ba, ɗiyata. Ke ma kin ji. Batir dai yat tahi saye miki, kuma da dariya yay yi zancen."

Latifa ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta goge fuska, ta kai wayar bakinta, ta danne wurin ɗaukar murya da babban yatsa kamar yadda ya koya mata.

"Na ji, Baban Humaira. Na ji duka. Ka yahe mini."

Ta saki yatsan.

Tagar ɗakin da ta zaure suna kallon juna, taku biyar ne tsakani. Hadijatu ta ji wayar Sahabi ta yi ƙara can a kan taga, sau ɗaya. Liman da ke jan addu'a ya ɗan dakata, mazan suka waiwaya gaba ɗaya, tafukansu a buɗe. Ba wanda ya miƙa hannu. Fitilar wayar ta haska bangon zauren na ɗan lokaci, sannan ta mutu.