Matan Fada Ba Su da Ƙafa

Ni na ɗaura wa uwar ɗakina Donya Biriyanda rigar da ta mutu a ciki, kuma har gobe ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta. Gwardainfante muke ce mata, wato mai tsaron jariri. Zobban ƙarfe ne daga ƙugu zuwa ƙasa, kamar an kifa akurki, an lulluɓe da jan karan-miski. Zama da ƙyar, gudu babu, ƙaramar ƙofa kuwa sai mace ta karkata ta ɗage gefe ɗaya.

Da safe aka sare kan mijinta a dandali, wai ya ci amanar sarki. Kafin rana ta take aka saki dogarai neman ɗanta Inyigo, ɗan shekara huɗu, don kada a bar iri.

Ta ce, "Aldonsa, cusa shi ƙarƙashina."

Na ce, "Ranki ya daɗe, mu bi ƙofar baya."

"Waccan ƙaramar? In ɗage riga su gan shi? Babbar ƙofa za mu bi."

Can muka tarar da Don Lope, shugaban dogarai. A fadarmu namiji bai isa ya taɓa tufar mace ba, ko ambaton ƙafarta abin kunya ne, shi ya sa ake cewa matan fada ba su da ƙafa. Ya ƙare mata kallo, ya yi murmushin mugunta.

"Donya, yau tafiyar da nauyi. Hannuna ba zai taɓa ki ba, Allah ya kiyaye. Amma takobi ba hannu ba ne. Tunda ba ku da ƙafa, me zai yanka?"

Ya luma takobin ta gefe, ya zare, ya sake lumawa ta gaba har ya yi ƙara da zobe. Ita ko gezau. Ninkin yadi ya goge jinin kafin bakin takobin ya fito.

Ta ce, "Ka gama? Ka ɓata mini karan-miski." Ta wuce a hankali, kai a sama.

Sai cikin keken doki ta zube. Na yaye rigar. Inyigo na matse tsakanin cinyoyinta, ko ƙwarzane babu, jininta ya jiƙa shi sharkaf. Sukan takobin duka biyu a jikinta suka tsaya. Ba mu kai ƙofar gari ba ta cika.

Yaron ya daɗe yana kallo, sannan ya ja hannuna.

"Aldonsa, ashe Inna tana da ƙafa?"