Farar Ambulan

"Ka ce masa ƙafafuna sun kumbura," in ji Inna Furera. "A'a, goge wannan, kada hankalinsa ya tashi. Ka ce dai ina son ganinsa kafin a cire gyaɗa."

Malam Shitu, malamin elemantare na Bebeji, ya rubuta, amma ya kasa ɗaga kai. Shekara shida shi ke karanta wa wannan tsohuwar maƙwabciya tasa wasiƙun ɗanta Inuwa, mai fataucin goro a ƙasar Kumasi. Ladansa bai wuce kan sarkin da ke jikin ambulan ba. Ya cika littafi guda da su da waɗanda yake samu a wajen wasu, tun daga masu hoton Sarkin Ingila da bishiyar kwakwa har zuwa na Sarauniya, inda aka fara zana gyaɗa da gadar Jebba. Mutanen gari na cewa boko ya taɓa shi, shi ko a jikinsa.

Wasiƙar da ta zo da bazara ce ta jawo masa. Kan sarkinta tsoho ne, amma an buga "Ghana" a kansa da baƙin tawada, ƙasa ta sami 'yanci ba a gama zana sabo ba. Zumuɗi ya hana shi yanke kusurwar kamar kullum, ya tsoma ambulan ɗungurungum cikin ƙwaryar ruwa. Sai da kan sarkin ya saki ya tuna abin da Inuwa ya rubuta: ya tashi daga tsohon masauki, sabon adireshi yana bayan ambulan. Ya tsamo ta, babu komai sai shuɗin ruwa. Kunya ta hana shi faɗa wa Inna, ya ce a ransa wata wasiƙar za ta zo.

Inna Furera ta kwance bakin zane, ta miƙo masa kan sarki sabo fil. "Na aika an sayo a Kano. Manna a gabana."

Ya lasa ya manna.

"Kwana nawa take yi, Malam?"

"Kamar mako uku, Inna."

Daga ranar, duk sanda mota ta tsaya a bakin kasuwa sai ta sa a jingina ta da bangon zaure. Shitu ya rubuta zuwa tsohon masaukin sau biyu, shiru. Kullum yakan zo gaishe ta da niyyar faɗin gaskiya, ya koma da ita a ciki.

"Wataƙila hanya ce ba kyau," ta ce ranar Laraba. "Kai dai ka yi naka. Allah ya yi maka albarka."

Da hantsin Juma'a ta cika. Shitu na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da ya dawo ya buɗe littafin. Wasiƙar Inna tana nan inda ya ɓoye ta, kan sarkin ya ɗan karkace a kusurwa, babu hatimi a kansa, gaban ambulan fari tas.