Muryar Goggo Iyatu

Mahdi ne ya jawo wa Goggo Iyatu, ko da yake ba da mugun nufi ba. Ɗan ƙaninta ne, yana da wani shago kamar akurki a Unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala, inda yake gyaran waya yana tura wa mutane finafinai. Ya kuma ƙirƙiro wa kansa sana'ar fassara. Sai ya samo fim ɗin Turawa ya ɗora masa Hausa da bakinsa, namiji shi ne, mace shi ne, kare ma in ya yi haushi shi ne. Ana saye kuwa, don unguwar cike take da tsofaffi da matan gida waɗanda Faransanci bai zauna musu a kunne ba.

Ita Iyatu masa take soyawa da safe a kusa da masallaci, tun kafin a haifi rabin masu sayen. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun yi aure sun koma unguwar Bonamusadi, ta rage ita kaɗai a ɗakinta na gidan haya. Ba ta da abin da ya wuce sunanta da tandarta, kuma da wannan sunan ne tandar take ci.

Wata rana da azahar, ana irin ruwan nan na Duwala da bai san gajiya ba, Mahdi ya faɗo mata jiƙe sharkaf da kwamfuta a cikin leda.

"Goggo, zauna ki ga wani abu. Tsoho ne, ya girme ni, ya girmi babana. Ko kala babu."

"To me zan yi da fim ɗin da ba kala?"

"Ke dai kalla."

Ta kalla. Labarin wata ungozoma ce a wani ƙauyen Turawa na zamanin da, wadda ta karɓi haihuwar kusan duk mutanen garin. Da jarirai suka fara mutuwa, sai aka ce ita ce, aka kulle ta a hasumiyar ƙararrawa aka toshe ƙofar da duwatsu. Bayan shekaru sai ƙararrawar ta dinga kaɗa kanta, kuma duk kaɗawa sai a wayi gari wata yarinya ta bi murya ta tafi.

Masu fim ɗin matsiyata ne, wannan ko makaho ya gani. Matakala ɗaya gare su, suna ɗaukarta ta gefe uku wai gida uku ne. Jemagen da ke yawo ana ganin zaren da ya rataye shi. Limamin cocinsu shi ne mai haƙa kabari, an dai manna masa gemu, amma Iyatu ta gane shi ta kunne. Hayaƙi kuwa sun turara shi har ya rufe ƙafafun kowa, don kada a ga ƙasan kwali ne. Mahdi yana nuna mata waɗannan yana ƙyalƙyala dariya, dariyar mai son abu, don ya ce ya kalli fim ɗin ya fi a ƙirga, kuma na zamani da ake zuba wa kuɗi babu wanda ya taɓa sa shi waiwaye.

Iyatu ba ta yi dariya ba. Matar ce ta tsaya mata a rai. Ba ta ihu, ba ta zare ido, ba ta da dogayen farata. Magana take yi a hankali kamar mai lallashin jinjiri, kuma nan ne tsigar jiki ke tashi.

"Wannan matar ta san aikinta," in ji ta. "Da abin da ba su da shi suka yi abin da ya fi ƙarfinsu. Maido min wurin da take kiran yarinyar."

Ya maido. Daga nan ya fito da abin da ya kawo shi. Ya gwada muryar matar da kansa ta ƙi, sai ta fito kamar ɗan akuya da mura. Yana so Goggo ta yi masa.

Ya kamata ta ƙi. Duk macen da ta girma a cikin Hausawa ta san akwai kalmar da ba a wasa da ita kusa da sunan tsohuwa mai zaman kanta. Amma Iyatu ta ga aiki mai kyau ta yi sha'awa, kuma tun rasuwar mijinta babu wanda ya ce mata tana da wani abu da ake buƙata in ban da masa. Ta ce to.

Suka jingina katifa a taga saboda ƙarar 'yan bensikin, masu acaɓan Duwala da ba sa iya wucewa ba tare da sun danna oda ba. Mahdi ya ce ta shaƙe murya, ta ɗan yi dariyar mugunta. Ta ce ba za ta ɓata wa matar aiki ba, yadda waccan ta yi a hankali haka za ta yi. Da suka zo wurin kiran yarinyar, Mahdi ya fassara mata wata doguwar magana, ta ce ba mai kiran yaro haka. Ta saka nata, wanda take faɗa kullum da safe in ta ga 'yar maƙwabta ta tsaya tana kallon tanda:

"Kin tashi, 'yar nan? Zo ki karɓa, da zafinta."

Mahdi ya cire abin kunnensa ya dube ta. "Goggo, wallahi sai da gabana ya faɗi. C'est ça, haka nake so! Kada ki canza komai."

Fim ɗin ya bi wayoyi kamar wutar kara. Har kasuwar Ndokoti an ji shi a bakin masu sayar da kaya. Da farko abin daɗi ne. Samari na wucewa suna cewa "da zafinta, Goggo," tana ɗaga musu cokali tana zaginsu, ƙullu na ƙarewa tun rana ba ta ɗaga ba. Wata mata ma ta ce ta kasa shiga banɗaki ita kaɗai bayan ta kalla, Iyatu ta ji daɗin wannan fiye da yadda ta nuna.

Sai Mardiya ta kwanta. 'Yar Bilki ce, maƙwabciyar Iyatu da suke tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Yarinyar ba ta wuce shekara shida ba, kuma ta kalli fim ɗin a wayar ubanta kafin ya tafi da mota arewa ya bar su. Damina ce, lambatu ya cika, sauro na cin kasuwarsa, gida nawa ne babu mai zazzaɓi? Bilki ta sayo ƙwayoyi a bakin titi ta ba ta, jiki ya ƙi sanyi. Da safe zafin ya hau kai, yarinya ta fara sambatu, kuma abin da ta faɗa a gaban mata huɗu shi ne Goggo Iyatu tana kiranta, ta ce ta zo ta karɓa.

A wurin mutanenmu, mara lafiya ya ambaci suna ya gama shari'a. Ba a tambayar me ya kalla jiya.

Iyatu ta dawo da tanda a ka ta tarar da tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa Mardiya a tabarma a ƙofar ɗakin uwarta. Ta yi sallama, aka amsa a ciki. Surukar Bilki, wata tsohuwa da ta zo daga ƙarshen unguwa, ita ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Iyatu, ba mu ce komai ba. Yarinya ce ta kira ki. Ki tsallake ta, shi ke nan."

Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. In ana zargin mutum ya kama kurwar wani, ana sa shi ya tsallake mara lafiyar don ya sake ta. Ba a kai ƙara, ba a duka, abin cikin ladabi ake yinsa, kuma ladabin ne ya fi ciwo.

Iyatu ta sauke tanda ta jingina a bango. Ta dubi Bilki, wadda ta sha kuka idonta ya kumbura.

"Bilki, ke ma?"

"Goggo, ki yi haƙuri. Ni ban san komai ba. 'Yata nake so."

Ana haka Mahdi ya shigo a guje, wani ya kai masa labari. Ya taɓa goshin yarinyar ya janye hannu.

"Haba jama'a! C'est le palu, zazzaɓin sauro ne! Fim ne fa, ni na ɗauki muryar da hannuna, ga kwamfutar can a shago. Baturiya ce ta yi shi, ta mutu ma tun tuni. Ku kai ta lopital, asibiti!"

"Mun ji," in ji tsohuwar. "Baturiya ce ta koya mata 'zo ki karɓa'? In ba ta da komai, tsallakawa me za ta rage mata?"

Iyatu kuwa ta riga ta gama lissafinta tun tana tsaye. In ta ƙi, yarinya ta mutu, an ce ta cinye ta. In ta tsallaka, yarinya ta tashi, an ce ta sake ta, kuma ba a sakin abin da ba a kama ba. Hanya ɗaya ce za ta wanke ta, wato ta tsallaka yarinyar ta mutu duk da haka, kuma wannan ko a zuci ba ta yarda ta roƙa ba. Ta kuma ga ba za su ɗaga Mardiya daga tabarmar nan ba sai an yi abin da suka taru dominsa, ga leɓen yarinyar ya bushe ya tsage. Ta ji baƙin ciki, irin wanda ba ya zuwa da hawaye.

"Zan yi," ta ce. "Amma ina sauke ƙafa, Mahdi ya ɗauke ta sai asibiti. Ke Bilki ɗauko mayafinki tun yanzu."

"Goggo, kada ki yi," in ji Mahdi. "In kika yi kin amsa."

"Je ka tsayar da bensikin."

Ta cire takalmi. Ta tattare zani ta tsallake yarinyar, ta dawo, ta sake tsallakawa, kamar yadda tsohuwar ke nuna mata da hannu. Gwiwarta mai ciwo ta yi ƙara, kowa ya ji, don babu mai ko tari. Mardiya ba ta ma san ana yi ba. Mahdi ya sungume ta, Bilki ta bi shi tana jan mayafi, matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da za ta kai gidanta.

A asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne ya yi tsanani, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Mahdi ya bi shago shago yana faɗa, har takardar likita ya nuna. Mutane suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka kuma lura cewa sauƙin ya fara ne ranar da aka tsallaka.

Babu wanda ya zagi Iyatu. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, har da rusunawa. Yara ne dai suka daina tsayawa a gaban tanda, in ɗaya ya tsaya sai a ji uwarsa ta ƙwala masa kira daga nesa. Maza masu fitowa daga masallaci suna saye, amma na kai wa gida ya ragu, ta koma kwaɓa rabin ƙullun da ta saba. Mahdi ya zo ya durƙusa ya ce zai goge fim ɗin, ya daina turawa.

"Ka goge daga wayar wa?" in ji ta. "Bar shi. Fim ɗin bai yi laifi ba, mai kyau ne. Ni ma na yi shi da kyau, shi ya sa."

Bayan an sallamo Mardiya ta murmure, wata ranar Juma'a da hantsi Iyatu na wanke tanda a bakin famfo, sai ga Bilki ta fito da leda a hannu, yarinyar na bayanta. Mardiya ta rame amma idonta ya washe, ta leƙo za ta nufi Goggo kamar yadda ta saba, uwar ta kamo wuyan rigarta ta mayar da ita baya. Bilki ta durƙusa daga ɗan nesa ta ajiye ledar a ƙasa. Turmin atamfa ne da sabulu.

"Goggo, ga wannan, ba yawa. Babanta ne ya aiko."

"Na me?"

Bilki ta sunkuyar da kai. Da gaske take, babu habaici a muryarta, godiya ce tsantsa har da ƙwalla.

"Mun gode da kika sake mana ita. Allah ya saka da alheri. Da wata ce, da ba za ta saki ba."

Iyatu ta tsaya da soso a hannu, ruwa na zuba a kan tanda. Ta dubi yarinyar da ke leƙowa ta bayan zanin uwarta.

"Allah ya raya ta," ta ce.

Bilki ta ce amin, ta ja 'yarta suka shige ɗaki, ta saki labule.